Kafin ka ɗora wa yaro bindiga a kafaɗa

Da zarar an gama girbi a ƙasar Damagaram, an kai dammunan gero rumbu, gonaki sun zama fili, sai kurciya da hazbiya su sauko kiwo a masussuka, zabin daji kuma su riƙa fitowa da sanyin safiya. Lokacin ne yara ke cika aljihu da tsakuwa, danko a wuya, su nufi bayan gari. Lokacin ne kuma wata magana ke tasowa a majalisun iyaye maza, daga Birni da Zango har Mirya da Matamai: yaro ya tasa, hannunsa ya faɗa da danko, wace irin bindiga ya kamata a fara ba shi?

Masu tambayar iri biyu ne. Akwai ɗan birni mai ɗan abin hannu, wanda ya ga bindigar iska a kanti ko a waya, yana ganin ai kayan wasa ce. Akwai kuma mutumin karkara da ya gaji bindigar toka daga mahaifinsa, tana rataye a bango shekara da shekaru, yaron gidan kuma kullum idonsa na kanta. Amsata ga su biyun ɗaya ce: kada yaro ya mallaki bindiga ko wace iri ce. Idan har ana son ya koyi harbi, abin da uba zai zaɓa masa shi ne malami, bindigar kuwa ta zauna a hannun malamin.

Na san abin da za a ce. Za a ce mu jikokin masu bindiga ne, kuma gaskiya ne. Sarki Tanimu, wanda ya riƙe Damagaram har zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara dubban bindigogi, maƙeransa suka zuba igwa a cikin garin nan, aka haɗa albarushi a gida. Ƙasashen maƙwabta sun ji a jikinsu. Amma duk wanda ya bi tarihin da kyau zai ga waɗannan bindigogi na fada ne, a hannun rundunar sarki suke, akwai mai ba da su kuma akwai mai karɓarsu. A wancan zamani idan aka ce 'yan bindiga, dakarun sarki ake nufi. Mai karatu ya san abin da kalmar take nufi yau.

Su ma maharba, waɗanda farauta ce sana'arsu, ba haka kawai suke miƙa wa yaro makami ba. Ɗan maharbi yakan yi shekaru yana bin ubansa da gora da jaka. Shi ke riƙe kare, shi ke kora, shi ke ɗauko abin da aka harbo. A cikin wannan bin ne yake sanin sawun zabo da na fakara, da inda iska ke kaɗawa, da inda makiyayi kan kwanta a gindin gawo da tsakar rana. Yana ganin yadda babba ke sauke bakin bindiga ƙasa idan an haɗu da mutane a hanya, ba tare da an yi masa lacca ba. Bisa duk wannan kuma akwai Sarkin Baka, wanda ke iya tsawata wa wanda ya karya ƙa'ida. Uban da ya sayi bindiga a kasuwa ya miƙa wa ɗan shekara 12 ya tsallake wannan makaranta gaba ɗaya, ya ba shi abin da ake bayarwa ranar sauka a ranar da ya kamata a rubuta masa allon farko.

Mu dubi bindigogin kansu, domin a nan ne iyaye da yawa ke ruɗar kansu.

Bindigar toka ƙirar gida ita ce ta fi araha, ita ce kuma ta fi haɗari ga mai riƙe da ita. Sau da yawa da bututun ruwa ko wani ƙarfen mota ake yin ta, ƙarfen da ba a gwada shi da ƙarfin albarushi ba. Awon albarushin da ido ake yinsa, a ɗura ta baki, a danna da tsumma. Babban da ya saba ya san iyakar abin da bindigarsa ke ɗauka. Yaro kuwa abin da ya sani shi ne idan an ƙara albarushi ƙarar ta fi daɗi. Idan ta ƙi tashi, abu na farko da zai yi shi ne ya leƙa bakinta, ko ya sake ɗura mata wani a kan na farko. Idan bututun ya fashe, hannun hagu ne a kansa, fuska kuma na bayansa. Wanda abin ya same shi a wani ƙauyen Tanut sai an yi tafiyar kilomita kusan 150 da shi kafin a iso babban asibitin Zinder, in ma an samu mota.

Bindigar bature mai harsashi, wadda aka fi samu a ƙasashenmu, ita ce kalibar 12, irin su Baikal ta Rasha mai baki ɗaya. Faɗin bakinta ya kai milimita 18 da rabi, harsashinta kuma na ɗauke da ƙwayoyin dalma wajen giram 32. An yi ta ne don kafaɗar babban mutum. Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: bindiga mara nauyi ta fi mai nauyi harbin baya, domin nauyin ne ke shanye ƙarfin. Saboda haka uban da ya zaɓi mara nauyi don yaro ya iya ɗauka, ya zaɓa masa wadda za ta fi dukan kafaɗarsa. Yaron da bindiga ta daka sau biyu yakan koyi runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wanda ya runtse ido bai san inda harbinsa ya tafi ba. Ga ƙarar, wadda kan wuce desibel 150 a daidai kunne. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

A Turai da Amurka, inda ake wannan muhawara tun da daɗewa, kalibar 20 suka fi ba matasa, ko ƙaramar da ake kira .410. Ita .410 ba ta duka sosai, amma dalmarta kaɗan ce, wajen giram 14, don haka sabon hannu ya fi raunata tsuntsu da ita fiye da kashe shi. Kalibar 20 ta fi dacewa, sai dai harsashinta na wahalar samu a nan, kuma idan aka yi kuskure aka jefa shi cikin kalibar 12 yakan zarce ya maƙale a bututu, na biyun da za a sa a bayansa ya fasa bindigar. Su can da ke wannan zaɓi suna da filin koyon harbi, da jarrabawar izinin farauta, da akwatin ƙarfe mai makulli. Mu kwafi sunan bindigar mu bar sauran, ba mu kwafi komai ba.

Ita kuwa bindigar iska, ƙwayarta 'yar milimita 4 da rabi ce, amma tana fasa ido, kuma a kusa tana iya shiga kai. Babban aibinta shi ne raina ta da ake yi. Ba wanda ke ɓoye ta, ba wanda ke ƙirga ƙwayoyinta, a tsakar gida ake harba ta, inda ƙanne ke rarrafe.

Addini ma bai bar wannan fage haka ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san malamanmu na Malikiyya sun karhanta farautar da ake yi don nishaɗi kawai, sun halatta wadda ake yi don buƙata. Ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal cewa Manzon Allah (SAW) ya hana jifa da 'yar tsakuwa, saboda tana fasa ido tana karya haƙori. Ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. To idan wannan aka faɗa a kan tsakuwa, me za a ce da dalma? Yaranmu masu danko ma sun san tsuntsun da dutse ya kashe kafin a yanka shi mushe ne, shi ya sa za ka gan su da reza a aljihu suna rige-rigen isa wurin kafin ya cika. Wannan gudun kansa tarbiyya ce: yaro na koyon cewa ran da ya taɓa yana da haƙƙi a kansa. Bindigar da ke zubo kurciya biyar a harbi ɗaya, uku su tsere da rauni su mutu a kan wata bishiya, ba ta koya masa wannan.

Sai dokar ƙasa. Nijar ta taɓa rufe farauta baki ɗaya na tsawon shekaru bayan farin shekarun 1970, kuma yau doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji. Akwai izinin farauta, akwai lokacin buɗewa da rufewa, akwai dabbobi da tsuntsayen da ba a taɓawa ko da yaushe. Izinin riƙe bindiga kuma daban yake, daga hukuma yake fitowa da sunan mutum ɗaya, ba a aronsa kamar keke. Tun 1994 ƙasar ke da hukuma ta musamman mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Yaron da jami'an gandun daji ko jandarmomi suka tare da bindiga a daji, ubansa ne zai amsa tambaya.

Kuma wannan shi ne mafi sauƙin abin da zai iya faruwa. Dajin yau ba na jiya ba ne. Damagaram ta fi wasu sassa kwanciyar hankali, alhamdu lillahi, amma labarin iyakar Maradi da Katsina da Zamfara yana kunnen kowa, kuma tsoro ba ya tsayawa tambayar shekarun mutum. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo a Nijeriya, an kashe mafarauta 16 'yan arewa da ke kan hanyar komawa gida hutun salla, bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki. Manya ne, da sana'arsu sananniya, da bakin da za su yi bayani, amma ba a saurare su ba. Saurayi ɗan shekara 14 da rawani a fuska saboda hunturu, da bindiga a kafaɗa, ya ɓullo bayan wani ƙauyen da ba a san shi ba da almuru, wa zai tsaya jin cewa kurciya ya fito nema?

Wani zai ce ai don tsaron gona ne, jan-baki na cinye gero. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Jan-baki dubbai suke zuwa. Gwangwani da majaujawa da ihu sun fi bindiga aiki a nan, magabata ba su yi kuskure ba.

Tsuntsayen da yaron zai harba su ma abin dubawa ne. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun yi abin da duniya ke zuwa kallo: sun bar gawo da sauran itatuwa sun sake tofowa a gonaki, har ana ƙiyasta filin da ya farfaɗo a kudancin Nijar da hekta miliyan 5. Itatuwan nan su ne gidan tsuntsaye. Tafkunan Gidimuni da Lasuri suna cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu, agwagin ruwa na tasowa tun daga Turai su yi hunturu a kansu. Tuje kuwa, wanda dattawa ke ba da labarin ganinsa kusa da gari, yanzu sai an nausa arewa wajen Tarmit, inda aka kafa gandun kariya a 2012. Maharbi na gaskiya ya san ba a harbin shamuwa, mai zuwa da albishirin damina tana cin fara, ya san ba a taɓa uwa a kan ƙwai. Yaro da sabuwar bindiga duk abin da ya motsa abin gwaji ne.

Dalmar kanta guba ce. Ƙwayoyin da suka watse a bakin tafki agwagi na haɗiye su a matsayin tsakuwa, waɗanda suka maƙale a nama kuma tukunya suke shiga. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a dausayi daga Fabrairun 2023. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake ta hanyar haƙar zinariya ce, ba mu buƙatar wani ya fassara mana illarta ga ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro.

Ban ce a raba yaro da daji ba. Yaron da ya san daji ya fi wanda ya san waya kawai, kuma gara ya bi maharbi da ya bi 'yan fale na unguwa. Uban da ke da niyyar gaske ya ɗauki goro ya je wurin Sarkin Baka na yankinsu, ko wani dattijon maharbi mai takardunsa wanda aka shaida da natsuwa, ya ce ga ɗana, ya riƙa bin ka. Ya yi kaka biyu ko uku yana ɗaukar jaka. Ranar da malamin ya ga ya isa, shi zai sa masa harsashi ɗaya da hannunsa, a bindiga mai baki ɗaya wadda ake karyawa a ga cikinta, yana tsaye a bayan kafaɗarsa, da auduga a kunne, bakin bindigar na kallon tudun yashi. In an gama a karɓe ta, a ƙirga kwanson harsashi, yaro ya koma gida hannu sake. Mallaka kuwa sai ya kai shekarun da hukuma za ta rubuta izini da sunansa.

Akwai mutum ɗaya da ba a cika tambaya ba a duk wannan shawara, ita ce uwar yaron. Ita ke wuni a gidan da za a rataye bindigar, ita ta san wane yaro ke hawa turmi ya ɗauko abin da aka ɗora a bisa bango, ita ta san wanda ke da zuciya idan an yi faɗa a kan ƙwallo. Maigidan da ke da bindiga a ɗaki yanzu haka, kafin ma a kai ga maganar saya wa wani, ya tambaye ta ko yaran sun san inda harsashin yake.