Kumburin wuyan jarirai: rangwamen kuɗin asibiti kaɗai bai isa ba

Hoto ne ke isowa ta WhatsApp: jariri da kumburi mai laushi a gefen wuya, sai saƙon murya daga gida ana neman kuɗin magani. Ɗan ci-rani a Aljeriya, Libiya ko Abijan yakan tura kuɗin nan take. Abin tambaya shi ne inda za a fara kai yaron, wurin wanzami ko wurin likita.

Ban da jijiyoyin jini, a jikin mutum akwai wasu siraran hanyoyi da ke ratsa kaluluwa, suna kwashe ruwan jiki su mayar da shi cikin jini. Idan ba su ginu daidai ba tun yaro na ciki, ruwan yakan taru ya zama jakunkuna. Shi ne abin da likitoci ke rubutawa da Faransanci «lymphangiome» ko «malformation lymphatique». Kusan rabin yaran ana ganin kumburin tun haihuwa, kimanin kashi 90 cikin 100 kuma kafin su cika shekara 2. Ya fi fitowa a wuya da fuska, sai hammata. Ba kansa ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba abin da uwa ta ci ne ya kawo shi ba.

Matsalar farko ita ce gane shi. A ido, ana iya ɗaukarsa maƙoƙo, hangum, ƙurji ko kaluluwar tarin fuka, kuma kowanne da maganinsa. Hoton ekografi ne ke nuna ko ruwa ne a ciki, da ko jakunkunan manya ne ko ƙanana. Idan kumburin ya nutsa kusa da maƙogwaro, akan buƙaci hoton IRM.

Inda ba a samu wannan hoto ba, tsaga ko sakiya ake yi. Ruwan ya fita, kumburin ya sace, bayan kwanaki ya dawo, domin jakar na nan. Sau da yawa kuma ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga ta wurin yankan, abin da kan sa kumburin ya ƙaru farat ɗaya har ya danne hanyar numfashi.

Alhali magani akwai. Idan jakunkunan manya ne, likita na zuƙe ruwan da allura, ya zuba magani irin su bleomisin ko doksisiklin domin jakar ta manne ta ƙanƙance. Akan maimaita fiye da sau ɗaya. Wasu yaran tiyata ake yi musu, aikin da ke neman gwani saboda jijiyoyin fuska da wuya. Masu ƙananan jakunkuna sun fi wuyar sha'ani, ana kuma ba wasunsu maganin sirolimus. Ƙaramin kumburi da ba ya damun yaro, sa ido kawai ake yi.

A takarda, Nijar ta sauƙaƙa hanya. Tun 2006 aka ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, a watan Agustan 2024 kuma gwamnati ta sanar da rage rabin kuɗin jinya a asibitocinta. Sai dai rangwamen bai shafi kuɗin mota daga ƙauye, masauki da abincin mai jinya, ko maganin da za a saya a famasin waje ba. Likitocin tiyatar yara kaɗan ne, kuma a manyan asibitoci suke, irin su Amiru Bubakar Diallo na Lamorde a Yamai da Asibitin Ƙasa na Damagaram.

Saboda haka gyaran daga ƙasa zai fara: ungozoma da ma'aikacin CSI su san wannan kumburi, su rubuta takardar turawa gaba tun ranar farko, a kuma wadata asibitocin gundumomi da na'urar ekografi da mai iya aiki da ita.

Shi kuwa mai turo kuɗi daga waje yana da ta cewa. Yana iya sharɗanta cewa a fara yin ekografi, a turo masa hoton takardar sakamakon. Idan kumburin ya yi ja da zafi, ko yaro ya kasa shan nono, ko numfashinsa na ƙara, kada a jira gari ya waye.