Tsokaci a Kan Muhallin Zomon Gida a Ƙasa Mai Zafi

Kalmar zomo a Hausa tana ɗauke da dabbobi biyu waɗanda suka yi kama a ido, amma suka sha bamban a halitta. Na farko shi ne zomon daji, wanda mafarauta da karnukansu suka sani, wanda kuma karin magana ta ce ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Masana dabbobi sun sanya shi a jinsin Lepus. A sarari yake rayuwa, ba ya haƙa rami, gindin ciyawa yake laɓewa, 'ya'yansa kuma da gashinsu ake haifar su, idanu a buɗe. Na biyu shi ne zomon gida, fari ko baƙi ko rodi-rodi, wanda yara suke saye a kasuwar dabbobi ko wajen masu kiwo. Sunansa a kimiyyance Oryctolagus cuniculus, asalinsa kuma yankin Sifen da Fotugal. Wannan ɗan rami ne. Kakanninsa a ƙarƙashin ƙasa suke wuni, cikin ramuka masu rassa, su fito kiwo da asuba da kuma bayan la'asar sakaliya. 'Ya'yansa tsirara ake haifar su, idanu a rufe.

Wannan bambanci ba na masana harshe kaɗai ba ne. Da yawa daga masu ajiye zomo sun ɗauka cewa dabbar da kakanninta suka jure ranar Sahel za ta jure zaman tsakar gida a watan Afrilu. Zomon da ke hannunsu kuwa baƙo ne, bai gaji wannan juriya ba. Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne, duk wanda zai zaɓa wa zomon gida muhalli a waje, tilas ya fara da tambayar abin da rami yake ba shi, sannan ya nemi yadda zai maye masa gurbinsa. Rami yana ba shi sanyi, da duhu, da mafaka daga maƙiya, da zama cikin 'yan'uwa. Kejin waya mai rufin kwano, wanda ya fi kowane irin muhalli yawa a gidaje, ba ya ba shi ko ɗaya daga cikin huɗun nan.

Yana da kyau a san inda wannan keji ya samo asali. Rumawa a cikin fili mai katanga suke tsare zomaye, kamar yadda marubucinsu Varro ya bayyana tun kafin haihuwar Annabi Isa. A Ingila ma, ƙarnoni da dama a makiyaya mai ramuka aka riƙa kiwon su. Ƙaramin akurki daga baya ya yawaita, kuma domin nama aka yi shi: a tsare dabba, a hana ta motsi, ta yi ƙiba cikin 'yan watanni, a yanka. A Afirka ta Yamma ma kiwon zomo ta ƙofar neman nama ya bunƙasa. Gana ta kafa shirin kiwon zomaye na ƙasa a farkon shekarun 1970, ƙarƙashin yekuwar ciyar da kai ta gwamnatin Acheampong. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tana nazarin zomaye a matsayin dabbar kiwo. Wannan aiki ne mai amfani, ba a kuma raina shi ba. Sai dai zomon nama wata uku ko huɗu yake yi a duniya, zomon da aka ajiye domin sha'awa kuwa yana iya kai shekara takwas zuwa goma sha biyu. Ɗaukar ma'aunin na farko a ɗora wa na biyu ɗaurin rai-da-rai ne.

Game da faɗi, ƙungiyar kula da walwalar zomaye ta Birtaniya, Rabbit Welfare Association and Fund, ta ba da mafi ƙarancin ma'auni ga zomaye biyu: mita 3 a tsawo, mita 2 a faɗi, mita 1 a bisa. A lissafin kafinta, kusan ƙafa 10 ke nan da ƙafa 6 da rabi, bisa kuma ƙafa 3 da 'yan kai. Wanda ya saba ganin keji mai ƙafa biyu zai ce wannan almubazzaranci ne. Amma zomo dabba ce mai gudu da tsalle, ƙashinta marar nauyi, tsokar ƙafafunta na baya kuma mai ƙarfi. Idan ya daɗe bai motsa ba, ƙashi yakan yi rauni, kitse ya taru, hanji ya yi sanyin aiki, kuma tsayawar hanji tana cikin abubuwan da suke kashe zomo cikin kwana ɗaya ko biyu. Yana bukatar wurin da zai yi tsalle uku a jere, ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya ba tare da kunnuwansa sun taɓa rufi ba. Fitar da shi na ɗan lokaci da rana ba ya warware matsalar, domin lokacin kuzarinsa shi ne lokacin da masu gida suke barci ko suke hidimar magariba. Saboda haka ɗakin kwana da filin wasa ya kamata su kasance a haɗe, ƙofar tsakaninsu a buɗe dare da rana.

Amma a ƙasar Hausa akwai abin da ya fi faɗi gaggawa, wato zafi. Zomo ba ya zufa irin ta ɗan'adam. Ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki, inda jijiyoyin jini suke kusa da fata, sai kuma ta saurin numfashi. Yanayin da ya fi masa daɗi bai wuce digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas ba. Idan zafi ya haura digiri 30 sai ya rage cin abinci, namiji kuma ƙarfin haihuwarsa ya ragu. Idan ya kai 35, rayuwarsa tana cikin haɗari, domin iskar da ke kewaye da kunnuwan ta kusa kamo zafin jikinsa, wanda yake wajen digiri 39, babu inda zafin zai tafi. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu ba labari ba ne. Wannan kuwa awon cikin inuwa ne. A ƙarƙashin fallen kwano wanda bai fi kamu biyu daga bayan dabba ba, abin ya zarce haka nesa. Zomon da ya miƙe ƙafafu yana haki, hancinsa a jiƙe, kunnuwansa sun yi ja, ba hutawa yake yi ba. Yaran da suka dawo daga makaranta suka tarar da shi a sandare sukan ce wata cuta ce ta faɗa masa, alhali rufin ne ya gasa shi.

A nan ne kuskure na biyu yake shigowa, kuskuren masu hali. Sukan ga hoton ɗakin zomo irin na Turai a intanet, mai katako a rufe ruf da ƙaramar taga, su kai wa kafinta ya kwaikwaya. An tsara wannan ɗaki ne domin tsare ɗumi a ƙasar ƙanƙara. A Kano murhu ne. Babban zomo yana jure sanyin hunturu ba tare da wahala ba, ko da na Jos ne, muddin iska ba ta dukan sa kai tsaye kuma shimfiɗarsa a bushe take. Jarirai marasa gashi ne suke bukatar akwatin haihuwa mai ciyawa.

Abin mamaki, kayan da suka fi dacewa su ne waɗanda ake ganin sun tsufa. Rufin ciyawa ya fi kwano sanyi, kuma idan dole sai an sa kwano saboda ruwa, to a ɗaga shi sama sosai, a shimfiɗa zana ko bunu a kansa. Ginin laka yana jinkirta shigar zafi kamar yadda rami yake yi. Ɗan ɗaki na tubali mai kauri, da ƙofofi biyu ƙanana, ya fi kowane akwatin katako. Ƙofa biyu ba ado ba ne: dabbar da ake farauta ba ta natsuwa a wurin da mafitarsa ɗaya ce. Tsohuwar randa da aka kwantar a gefe, aka binne rabinta cikin yashi mai laima, mafaka ce mai sanyi wadda ba ta bukatar wutar lantarki, kuma wannan ya fi dogaro da gorar ruwa mai ƙanƙara a inda wutar ba ta da tabbas. Wani masani ɗan Italiya, Alessandro Finzi, ya shafe shekaru yana gwada irin wannan dabara, wato ɗan ɗaki a binne cikin ƙasa wanda bututu ya haɗa shi da keji a waje. Abin lura kawai shi ne damina. Duk abin da aka binne dole ya kasance a kan tudu, in ba haka ba ruwan Agusta zai mayar da mafaka rijiya.

Wurin da aka kafa ginin ma rabin aikin ne. Inuwar darbejiya ko mangwaro ta fi kowace rumfa, amma inuwa tana tafiya, kuma wurin da yake da sanyi da hantsi yana iya zama cikin rana tsaka da azahar. Ranar yamma ce mafi muni, don haka ɓangaren yamma yake bukatar asabari ko inuwar katanga. Gabas kuwa bango ya dace da ita, domin daga can hadari yake tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa. Sauran ɓangarorin a bar su da raga iska ta ratsa, saboda zarnin fitsari idan ya taru a rufaffen wuri yana ƙona hanyar numfashi, ya buɗe ƙofa ga murar da ba ta jin magani.

Batun daɓe shi ne inda masu goyon bayan keji suke da hujja ta gaskiya. Suna cewa ragar waya tana barin kashi ya zube ƙasa, dabba ta rabu da ƙazantarta, hakan kuma yana rage cutar gudawa da ake kira koksidiyosis, wadda ƙwayoyinta suke yaɗuwa ta kashi a wuri mai danshi. Wannan haka yake. Sai dai zomo ba shi da tsoka mai laushi a tafin ƙafa irin ta kare ko kyanwa. Gashi ne kawai tsakanin fatarsa da abin da ya taka. Shekaru a kan waya suna cinye gashin, fata ta tsage, gyambo ya kama. Mai zomaye ɗari biyu yana iya cewa ba shi da lokacin shara. Mai zomaye biyu ba shi da wannan uzuri, balle ma zomo yakan zaɓi kusurwa ɗaya ya mayar da ita makewayi. Daɓen siminti da aka ɗan karkata, aka zuba masa busasshiyar ciyawa, tare da akwatin yashi inda zai yi tono, ya wadatar, muddin ana kwashe kusurwar nan kullum. Kwashewar tana da wani dalilin: ƙudaje suna yin ƙwai a jikin zomo mai ƙazanta, kuma a lokacin zafi tsutsa tana ƙyanƙyashewa cikin ƙasa da kwana ɗaya ta fara cin nama.

Maƙiya kuwa suna da yawa, kuma yawancinsu da dare suke zuwa: muzuru, da kare, da gafiya, da ɓera mai cin jarirai, da maciji, da kwarkwasa, da rana kuma shaho da shirwa. Siririyar wayar kaji an yi ta ne domin hana kaza fita, kare yana yaga ta, zomon kansa ma yana iya gutsure ta. Raga mai kauri wadda aka yi wa walda, mai ƙananan idanu kamar rabin inci, ita ce abin nema, kuma har sama za a rufe. Idan filin ƙasa ne, a binne ragar kamar ƙafa ɗaya, domin na ciki yana tono, na waje ma yana tono. Ko da maƙiyi bai samu shiga ba, firgita kaɗai tana iya sa zomo ya yi ta karo da raga har ya karya ƙashin baya, shi ya sa maɓoya mai duhu take cikin tsaro. Ragar sauro a kan tagogi ma tana da amfani, tun da ƙwari suna cikin masu ɗaukar cututtukan zomaye, ciki har da cutar zubar jini wadda aka fara gani a Sin a 1984.

Akwai wata al'ada ta kafintoci da ya kamata a yi hattara da ita, wato shafa wa katako baƙin man inji domin korar gara. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, saboda haka duk katakon da bakinsa ya kai sai ya gwaigwaye shi. A shafa man a ƙafafun ginin daga waje, inda ba ya kaiwa, ko a ɗora su a kan dutse. Haka nan tumfafiya da zurma da bini-da-zugu, waɗanda suke tsirowa a bayan gida ba da shuka ba, duk guba ne, kada a kafa fili kusa da su.

Ma'aunin da aka ambata na zomaye biyu ne, domin zomo shi kaɗai a cikin kewa yake. Amma haɗa mace da namiji ba tare da likitan dabbobi ya yi wa namijin fiɗiya ba wata matsalar ce: zomanya kwana 31 take ɗaukar ciki, tana kuma iya sake ɗauka a ranar da ta haihu. Filin da ya ishi biyu a watan Janairu ba zai ishi ashirin a watan Yuni ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ƙorafin ƙarshe kuma mafi ƙarfi. Raga mai kyau tana da tsada, gidajen birni kuma sun matse. Amma lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, ko tsohon akurki na laka, ko kangon da aka daina amfani da shi, sun riga sun samar da bango biyu ko uku. Abin da ya rage raga ce da ƙofa mai sakata. Gidan da ba shi da ko wannan, gara ya haƙura da zomo. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu sananne ne a Buhari da Muslim, kuma uban da ya biya kuɗin zomo domin faranta wa ɗansa rai shi ne ya ɗauki nauyin, tun da yaro ɗan shekara bakwai ba ya gina rumfa. A aikace, tsarin da ya dace shi ne a fara ginin kafin a sayo dabbar, a rataya ma'aunin zafi mai araha a cikinsa daidai inda zomon zai kwanta, a riƙa duba shi da ƙarfe uku na rana har tsawon mako guda a tsakiyar bazara. Idan yana haura digiri 30, a ƙara zana a rufi, a ƙara randa, ko a matsar da ginin zuwa gindin itace, sannan a sake aunawa.