Ganye ma yana jin zafi

Ƴan'uwa masu garka, kowace shekara sai mu ji ana kuka: salati ya yi ɗaci, shu ya ƙi naɗewa. Wani ya ce iri ne ba kyau. Wani ya ce taki ne ya kasa. Ni kam, a ganina, sau da yawa makara ce. Muna shuka ne sanyi yana shirin tafiya.

Bari mu dubi ganye. Ganye shi ne madafar shuka. A nan take haɗa abincinta da hasken rana, da iska, da ruwan da saiwa ta jawo. A jikin ganye akwai ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga. Ta nan kuma ruwa ke fita kamar gumi, ya sanyaya ganyen. In zafi ya tsananta, ruwa kuma ya yi ƙaranci, sai ƙofofin su rufe. Shuka ta adana ruwanta, amma girki ya tsaya.

Ganye yana ginuwa ne daidai da yanayin da ya fito a ciki. Wanda ya fito cikin sanyi yakan fi kauri da nauyi. In ganye ya gama girma, gininsa ya zauna ke nan. Ban-ruwa ba ya sāke shi.

Kuma kowace shuka da zafin da take so. Hatsi da dawa ƴan zafi ne. Ginin ganyensu yana ba su damar tara iska a ciki, ko da ƙofofin kaɗan suka buɗe. Shi ya sa suke aiki ko zafi ya kai digiri 35. Salati kuwa ya fi son digiri 15 zuwa 20. In zafi ya dame shi, sai ya miƙe sama, ya fid da fure, ganyensa ya yi ɗaci. Wa zai saye shi a kasuwa?

A Maradi da Zinder, da asubar Janairu awo yakan sauka wajen digiri 15. A Afrilu, da rana, yakan wuce 40. Ka ga kwanakin salati ƙidayayyu ne.

Tun bayan farin 1984 aka ƙarfafa noman rani a ƙasarmu. Mun iya gina rijiya, mun iya jan guga. Saura mu iya ƙidayar kwana. Mu zuba irin salati da shu tun Nuwamba, don ganyensu ya girma cikin sanyi. Wanda ya makara, kada ya yi gardama da rana. Ya koma ga kuɓewa, ko yakuwa, ko zogale. In kuwa dole sai salatin, ya yi masa rumfar kara, ya rufe ƙasa da ciyawa, ya ba da ruwa safe da marece.

Iri kuɗi ne, jan ruwa wahala ne. Kafin mu zargi mai sayar da iri, mu fara tambayar kanmu: wane wata muka shuka?