Ku bar mu mu kwafi tsohuwar Velázquez

Wai don an ba mu aikin kwafar zanen Velázquez na 1618, tsohuwar nan mai suyar ƙwai, shi ne wasu 'yan ajinmu ke ta kumfar baki a guruf, wai bautar Turawa ce. Haba jama'a! Yaron nan bai wuce shekara 19 ba, a Sebiya ta Sifaniya, ya zana farin ƙwai yana daskarewa cikin kaskon ƙasa. Kai mai ihun, zana mana kofin ruwa mu gani.

A kwafin nan hannu ke gane fentin mai ba ya son gaggawa. Ka fara da duhu, shafi siriri, ka jira ya bushe, sannan ka ƙara mai a na sama. In ka juya tsarin, zanen ya tsattsage, kuɗin fenti ya bi ruwa, ga tsada.

Kullum sai su jawo Uche Okeke da 'yan Zariya na 1958. To ai su ma sai da suka zauna a ajin malamai Turawa kafin su yi bore. Ni wallahi mai ƙosan bakin hostel nake so in iya zanawa, hasken wutar icce a gefen fuskarta, bayanta duhu.