Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Baƙin Masu Zane Da Alkawarin Masu Karatu

Daga cikin sana'o'in da intanet ta haifar tun ƙarshen shekarun 1990 akwai ta masu buga labarai da barkwanci cikin zane, shafi-shafi, a ranakun da suka tsayar. Alal misali, Penny Arcade, wanda Jerry Holkins da Mike Krahulik suka soma a Amurka cikin 1998, da xkcd na Randall Munroe da ya biyo baya cikin 2005, duk sun yi suna da fitowa a ranakun Litinin da Laraba da Juma'a. Galibi kyauta ake karanta waɗannan shafuka, masu su kuwa suna samun abin masarufi ne daga tallace-tallace, da cinikin littattafai da riguna, da kuma gudummawar masu karatu. Duk wanda ke ganin abin wasan yara ne, sai ya tuna cewa a watan Yunin 2024 kamfanin Webtoon, mai asali daga Koriya ta Kudu, ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq da ke birnin Niyok.

Babban jarin wannan sana'a shi ne sabo. Mai karatu yana leƙa shafin ne a ranar da aka yi masa alkawari, kamar yadda mai saye ke nufar rumfar da ya saba ranar kasuwa. Idan ya iske ta a rufe sau ɗaya zai yi uzuri, in ya iske ta haka sau uku sai ya nemi wata, kuma ba lalle ne ya waiwayo ba. Matsalar ita ce, yawancin waɗannan masana'antu mutum guda ne: shi ke ƙirƙirar labari, shi ke zane, shi ke amsa wasiƙu, shi ke aika kaya. Ranar da ya kwanta ciwo, masana'antar ce gaba ɗaya ta kwanta.

Abin da ya sami Rich Burlew, mai The Order of the Stick, ya isa misali. A farkon 2012 masu karatunsa sun tara masa fiye da dala miliyan 1.2 ta dandalin Kickstarter domin a sake buga littattafansa. Cikin watan Satumban shekarar ya ji mummunan rauni a babban yatsansa na hannu, labarin ya tsaya cik na 'yan watanni, alhali ga tulin alkawura na jiran sa. Wato kuɗi masu yawa ba su hana yatsa guda tsayar da kasuwanci ba.

Domin toshe irin wannan giɓi ne masu sana'ar suka ɓullo da al'adar gayyato baƙo. Idan mai shafi zai yi tafiya, ko an yi masa haihuwa, ko rashin lafiya ta same shi, sai ya roƙi abokan sana'a kowa ya zana shafi guda da taurarin labarinsa, a buga a ranakun da aka saba. A watan Nuwamban 2010, lokacin da rashin lafiya ta shiga gidan Munroe, masu zane biyar ne suka riƙe masa xkcd na mako guda, cikinsu har da Jeph Jacques na Questionable Content da Bill Amend na FoxTrot. An rubuta sunan kowane baƙo a kan shafinsa, kuma tun kafin nan Munroe ya sanar da masu karatu cewa akwai lalura a gida.

A ma'aunin kasuwanci, ribar wannan dabara a fili take. Da farko, ƙofar shago ba ta rufu ba, saboda haka sabon mai karatu bai yanke ba, masu talla kuma sun sami idon da suka biya dominsa. Na biyu, baƙon yana zuwa da nasa mabiyan, ya kuma koma da wasu daga na mai masauki, ta yadda kowa ya yi talla ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Na uku, masu karatu kan ji daɗin ganin taurarin da suka sani cikin wata sabuwar kama. Hatta a jaridun takarda an ga haka cikin watan Yunin 2014, yayin da Bill Watterson, wanda ya ajiye Calvin and Hobbes tun 1995, ya sa hannu a ɓoye cikin zane uku na Pearls Before Swine na Stephan Pastis, abin da ya zama babban labari da aka bayyana shi.

To amma fa Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Shafin baƙo rance ne da mai zane ya karɓa daga haƙurin masu karatu, kuma kowane rance yana da ranar biya. Dabarar ta fi dacewa da shafukan barkwanci, inda abin dariyar yau bai rataya a kan na jiya ba. A dogon labari kuwa, inda aka bar jarumi a bakin halaka, baƙo ba shi da ikon matsar da labarin ko da taku ɗaya, don haka mai karatu yana ganin zane amma yunwarsa na nan. Megatokyo na Fred Gallagher, wanda aka soma cikin 2000, ya shahara da shafukan cike giɓi, har da waɗanda wani abokin aikinsa ke yi da 'yan mutane masu siffar tsinke. Abin ya zama raha tsakanin mabiyansa, amma kuma jinkiri ya zama tambarin da aka san labarin da shi.

Wasu za su ce ai wanda ke karatu kyauta ba shi da bakin ƙorafi, kuma mai zane ɗan Adam ne, ba inji ba. Rabin maganar nan gaskiya ne. Sana'ar zane tana cin jiki ƙwarai. A Japan ciwon baya ya sa Yoshihiro Togashi ya dakatar da Hunter x Hunter daga ƙarshen 2018 har zuwa watan Oktoban 2022. Babu mai hankalin da zai so mai zane ya halaka kansa saboda shafin Laraba. Sai dai batun kyauta ya sauya tun da aka kafa dandali irin su Patreon cikin 2013, inda mai karatu ke biyan wani abu duk wata, yana kuma iya janyewa cikin ƙiftawar ido. Wanda ya biya ya zama abokin ciniki, yana da haƙƙin sanin abin da kuɗinsa ya saya. Gaskiya ne Watterson ya tafi hutun wata tara har sau biyu, cikin 1991 da 1994, jaridu kuma suka ci gaba da biyan cikakken farashi a kan tsofaffin zanensa. Amma wannan gata ne na wanda kasuwa ba ta iya rabuwa da shi. Ƙaramin mai zane da ya kwaikwaye shi zai dawo ya iske rumfa babu kowa.

Akwai kuma haƙƙin shi kansa baƙon, wanda sau da yawa ake wucewa ta kansa. Tsakanin abokai masu ƙarfi ɗaya, yau gare ka gobe gare ni ya wadatar. Amma idan shafi mai kawo kuɗi ya riƙa karɓar aikin matasa a kan cewa za su yi suna, wannan cin gumi ne. Wajibi ne a tsayar da magana a rubuce: nawa za a biya, wa ya mallaki shafin, kuma in an tattara labarin cikin littafi ko an buga zanen a riga, mene ne rabon baƙo.

Maganin da ya fi kowane inganci shi ne rumbu. Howard Tayler ya buga Schlock Mercenary kowace rana daga 12 ga Yuni, 2000 zuwa 24 ga Yuli, 2020, ba tare da fashin ko da kwana guda ba. Sirrinsa shi ne yin aiki a gaba da ranar bugu, ya tara shafuka a ajiye, kamar manomin da ke cin hatsin bara yana noman na bana. Wanda ba zai iya haka ba, gara ya rage alkawari. Shafi ɗaya a mako da ke zuwa a kan kari ya fi uku da ake ta ba da haƙuri a kansu.

Wannan darasi ya shafi Nijeriya kai tsaye. Kamfanoni irin su Comic Republic na Legas, wanda Jide Martin ya kafa cikin 2013, sun gina kasuwarsu ne a kan fitar da labaran zane ta intanet. A Arewa kuma, marubutan Hausa da dama suna sayar da ƙagaggun labarai shafi-shafi ta WhatsApp, mai karatu ya tura kuɗi tun kafin a kammala rubutu. Waɗanda suka yi zamanin littattafan kasuwar Kano a shekarun 1990 ba su manta zaman jiran kashi na biyu da na uku ba. Ga shi kuma a nan, ban da ciwo da lalurar iyali, akwai ɗaukewar wutar lantarki da tsadar data, waɗanda ke sa tsaiko ya zama abin da dole a yi masa tanadi.

Saboda haka ya kamata duk mai wannan sana'a, da duk mai niyyar zuba jari cikinta, ya riƙi abubuwa huɗu: a tara aiki kafin a buɗe shago, a sanar da tsaiko da wuri tare da ranar dawowa, a bayyana sunan baƙo a kuma biya shi haƙƙinsa, sannan idan hutu ya zarce wata guda, a dakatar da karɓar kuɗin wata har sai aiki ya dawo. Masu karatu suna da saurin yafe wa wanda ya gaya musu gaskiya, amma da wuya su sake amincewa da wanda ya karɓi kuɗinsu ya yi shiru. Alkawari dai kaya ne, kuma baƙo yana iya kama wa mai shi na ɗan zango, amma mai kaya ne zai kai shi gida.