Katin Asibiti a Cikin Leda

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu a Mandawari mai fama da hawan jini da ciwon suga. Ba ta zuwa ganin likita sai da baƙar leda ƙunshe da katunan asibiti uku. Duk inda ta je sai an sake ɗibar jininta, domin kwamfutar wannan asibiti ba ta jin yaren ta wancan. Kuɗin gwajin kuwa daga aljihun 'ya'yanta yake fita.

Laifin ba na likita ba ne. Kowane asibiti ya sayi manhajarsa daga wani kamfani, kowane kamfani kuma ya tsara ajiyar bayanai yadda ya ga dama. Alhali an daɗe da samo magani: ƙa'idar musayar bayanan lafiya ta FHIR, wadda Amurka ta wajabta a dokokin 2020 ga duk manhajar da ke neman shaidar hukuma. Me zai hana Ma'aikatar Lafiya ta Kano sanya ta cikin sharuɗɗan kowace kwangila?

Sai dai ƙofar da za ta sauƙaƙa wa dattijuwa, ita ce ɓarawon sirri zai bi. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, sakamakon ƙanjamau, ciwon hanta da rukunin jinin sikila na matasanmu yake ta taruwa a na'urori. A cikin birni, inda kowa ya san gidan kowa, sakamako ɗaya idan ya fita ya isa ya rusa baiko, ya bar wa yarinya tabon da ba ya gogewa.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta tona sirrin majinyaci. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba da sa'o'i 72 a sanar da hukumar NDPC idan bayanai suka zube, ta kuma tanadi tarar da kan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai.

Ni dai abin da zan fara tambayar mai manhaja ƙarami ne: idan ma'aikata biyar suna shiga da lambar sirri ɗaya, ta yaya za a gane wanda ya buɗe fayil ɗin amarya da tsakar dare?