Sandar da direbobin Sakkwato ke mantawa da ita

Wanda ya tsaya a Tashar Illela zai ga Golf ta fito da buhuna har saman but, gindinta na neman taɓa ƙasa. Maganin da direba ya sani shi ne a ƙara mata ƙarfin sifirin. Sai dai sifirin nauyi yake ɗauka. Mai rage wa mota kwanciya a kwana ita ce sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya biyu, wadda makanikai ke kira sitabilaiza. Idan motar ta karkata, sandar ta murɗe ta dawo da ita.

A motar da ƙafafun gaba ke ja, sanda mai kauri a baya tana sa ta bin sitiyari sosai. Amma in kaurin ya yi yawa, bayan kan zame a kwana, balle da lodin albasa da tayoyin da zafin Afrilu ya gasa.

Shi ya sa gaggawar sauya sandar kuskure ne. Idan aikinta ya ragu, sau da yawa robobin da ke riƙe ta ne suka cinye, kuma kuɗinsu bai kai na sabuwar sanda ba.